Takabar Inna Hanne

Motar ƙungiyar agajin ta baro Gaya ke nan ta miƙi hanyar Gafasa, Falmata ta sake maimaita maganar a karo na uku.

"Yallaɓai, Inna Hanne takaba take yi. Yau kwana goma sha biyu da rasuwar mijinta. Sau biyu ina rubuto maka."

Malam Nu'uman, shugaban ofishin ƙungiyar na jiha, ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba. "Na gani. Minti goma ne fa. Ta fito ƙofar gida, ta sa rigarmu, ta riƙe kwalbar man gyaɗa, ta yi murmushi, a ɗauka. Wa ya ce kasuwa za a kai ta?"

Falmata ta kau da kai tana kallon gonaki. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba rashin sani ba ne. Mutumin nan ya sani sarai mai takaba ba ta ado, ba ta fita sai da lalura, balle ta tsaya gaban kyamara tana washe baki. Amma a motar da ke biye da su akwai baƙuwa daga babban ofishin ƙungiyar na ƙasar waje, wadda ta karanta labarin Inna Hanne, shugabar mata masu ƙuli-ƙuli na Gafasa, a rahoto ta ce ita take son gani. Tun daga ranar da ta faɗi haka, Malam Nu'uman ya manta da duk abin da aka koya masa a gidansu.

Shekara huɗu ke nan Falmata tana wannan aiki da kwantiragin wata shida-shida. Ita ta bi gida-gida a Gafasa da Balan ta haɗa kan mata masu ƙuli-ƙuli. Ita ta koyi kwance injin matsar mai da mayar da shi, don ta gaji da jiran makanike daga Kano. Labarin da ya kawo baƙuwar ma ita ta rubuta shi. Duk da haka, kowane wata shida sai ta zauna tana jiran a ce ta ci gaba ko ta kama gabanta. Bana aka buɗe gurbin jami'in shiri na dindindin, takardarta ta neman gurbin kuma tana kan teburin mutumin nan.

Kamar ya shiga zuciyarta ya gani, ya ce, "A irin wannan rana ake gane wanda zai iya riƙe babban matsayi. Ke ce Inna Hanne take jin maganarki, Falmata."

Suka tarar da maza uku zaune a kan tabarma a bakin zaure. Aka yi ta'aziyya a tsaitsaye, mai ɗaukar hoto yana ta zagaye yana neman inda haske ya fi kyau. Falmata ta yi sallama ta shiga cikin gida, rigar mai tambarin ƙungiya a cikin leda a hannunta.

Inna Hanne na zaune a bakin ɗakinta da tsohon zane, carbi a hannu, ido babu kwalli. Matar da muryarta kan danne ƙarar inji idan tana raba wa mata aiki, yau sai an matso ake jin ta.

"Inna, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, 'yar nan. Allah ya ba da lada." Ta kalli ledar. "Baƙin naki ne suka iso?"

Falmata ta mayar da ledar bayanta.

"Amarya, matar ɗana, ta gaya mini aikinki ya rataya a kan zuwan nan," in ji Inna Hanne. "Miƙo rigar. Maigidana dai ya riga ya tafi, ke kuwa da sauran tafiya a gabanki. Allah ya ga zuciyata."

Da ƙi ta yi, da abin ya zo wa Falmata da sauƙi. Sai ga shi tsohuwar ta miƙo hannu, hannun da ya dama mata fura ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Kunya ta kama Falmata, sannan haushi ya taso ya danne kunyar. Ashe ba don ta iya aiki aka turo ta ba. An turo ta ne don an san matar nan ba za ta iya ce mata a'a ba.

"Zauna abinki, Inna," ta ce. "Gaisuwa kawai muka zo."

Da ta fito ba ta kalli Malam Nu'uman ba. Ta wuce shi ta tsaya gaban baƙuwar, ta yi mata bayani da Turanci: mijin ya rasu, matar za ta zauna wata huɗu da kwana goma, ba hoto, ba riga. Baƙuwar ta dafe ƙirji. Ta sa aka mayar da kyamara jaka, ta ari mayafi, ta cire takalmi ta shiga. Ta zauna gefen Inna Hanne na ɗan lokaci, babu mai jin yaren wani.

Ta fito ido jawur, ta nufi Malam Nu'uman kai tsaye. Ta ce irin ofishin da suke nema ke nan, wanda ya fifita mutuncin mutane a kan hoto, kuma za ta ba da misali da shi a taronsu na shekara. Malam Nu'uman ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

"Kullum abin da nake koya wa ma'aikatana ke nan," ya ce.

A hanyar komawa, da suka hau kwalta, Malam Nu'uman ya waiwayo. Haruna direba ya kashe rediyo.

"Kin tsallake ni kin yi wa baƙuwa magana," in ji Malam Nu'uman, a hankali kamar mai ba da shawara. "Aikin nan yana da tsari. Gurbin nan kuma a Abuja za a tallata shi. Mai digiri na biyu ake so, wanda ya san bin na gaba. Kwantiraginki sai ƙarshen wata mu gani." Ya miƙo mata kwamfutarsa ta baya. "Baƙuwa na son rahoto yau. Ki sa cewa ofis ne ya yanke shawarar tun kafin mu taso."

Falmata ta ji kamar ta ce Haruna ya tsaya, ta sauka ta ƙarasa Gaya a ƙasa. Maganganu suka cika mata baki, kowacce ta fi 'yar uwarta zafi. Amma ta san yadda aikin nan yake. Duk ƙungiyar da za ta nema gobe, a Kano ko Maiduguri, abu na farko da za su tambaya shi ne takardar shaida daga tsohon shugabanta. Shekara huɗun nan nata, sai da sa hannunsa za su zama shekara huɗu.

Ta ɗora kwamfutar a cinya ta buɗe.  Sannan ta rubuta layin farko: "Bisa umarnin shugaban ofis, ba a ɗauki hoton kowa ba."