Lita Goma Sha Shida Zuwa Rumphi da Dawowa

Shekara ashirin da shida Wongani Kumwenda yana tuƙa motar asibitin ƙauyen Luhono, ba a taɓa cewa ko mayafin majinyaci ya ɓata a hannunsa ba. Sai ga shi da furfurarsa ana raɗe-raɗin yana satar fetur.

Motar tsohuwar jif ce da wani limamin coci, Fada Tomas, ya zo da ita daga Ingila. Mutanen Luhono suna kiranta NyaFada, yadda ake kiran mace da sunan gidan ubanta. Allurar da ke nuna yawan man tankinta ta daɗe da mutuwa, rubutun fuskar mitarta rana ta cinye shi, lambobin ne kawai suke juyawa. Kullum Kumwenda yana kwafe su a takarda yadda ya gan su, babu ƙari babu ragi.

Sabuwar shugabar asibitin, Sista Temwa Msiska, ita ta ɗauki takardun nan ta zauna da su. Yarinya ce mai son aiki, irin waɗanda ko gishiri za su zuba a miya sai sun auna. Ta raba tafiya da litar da aka sha, ta samu kilomita biyar a kowace lita. Ta tambayi makanikai a birnin Mzuzu, suka ce ko tsohuwa ce ya kamata ta yi bakwai ko takwas. Ba ta ce masa ɓarawo ba. Ta dai kai maganar gaban kwamitin asibiti, kuma a Luhono abin da kwamiti ya ji da safe, kafin rana ta take ya isa kasuwa.

Ranar Laraba matar Kumwenda, NyaGondwe, ta dawo daga sayen kifi, ta dire kwando da ƙarfi.

"Wai ni ake tambaya nawa kwalbar fetur a gidanmu! Ni!"

Ranar ya ture tuwon masararsa gefe. Ba korar aiki yake tsoro ba, shekara guda ta rage masa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne a riƙa nuna jikokinsa ana cewa ga na wanda ya sha man marasa lafiya.

Washegari ya tsaya a ƙofar ofishin Sista, hula a hannu.

"Sista, ki shiga motar mu je garin Rumphi mu dawo. A cika tanki a idonki, a sake cikawa a idonki."

"Baba, ni fa ban zarge ka ba."

"Na sani, 'yata. Takardarki ce ta zarge ni."

A gidan man da ke mahaɗar hanya aka cika NyaFada har mai ya leƙo bakin tanki. Kumwenda ya jijjiga motar da kafaɗa don iska ta fita, aka ƙara 'yar kaɗan. Sista ta rubuta lambar mita da hannunta. Suka gangara, suka haura, suka ɗauko kwalayen magani a Rumphi, suka juyo. Duk hanyar yana lallaɓa totur kamar mai taka ƙwai, yana roƙon motar a zuci kada ta ba shi kunya.

Da aka sake cikawa a famfon da suka fara, NyaFada ta sha lita goma sha shida. Mita ta ƙaru da tamanin. Sista ta yi rabon.

"Nawa?"

"Biyar ne dai, Baba."

Ya kamata ya yi murna, don ko ba komai an ga ba shi yake sha ba. Amma ya san garinsu. Za a ce ai ya san dabarar da ya yi, ko kuwa shekara da shekaru ya bar mota tana ɓarnar mai bai faɗa ba. Ya jingina da ƙofar motar.

Sista na naɗe takarda idonta ya faɗa kan allon da ke tsallaken titi.

"Baba, allon can cewa ya yi Rumphi kilomita sittin da huɗu."

"Rabu da shi. Gwamnati ce ta rubuta, kin san su da ƙari. Arba'in ne. Fada da bakinsa ya gaya min ranar da na fara, NyaFada kuma ba ta taɓa canza magana ba."

"Arba'in ɗin me?"

"Arba'in mana!"

Ta leƙa ta taga, ta sa yawu a yatsa ta goge gilashin mitar, ta daɗe tana kallo har ta gano ragowar rubutun da ya koɗe. Sannan ta dafe kai.

"Wayyo ni. Baba, mil take ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil biyar kilomita takwas ne. Ɗari da ashirin da takwas muka yi yau." Ta sake rabawa. "Takwas. Takwas a lita, tun can ma haka take yi."

Kumwenda ya dubi allon da ya shekara ashirin da shida yana ƙaryatawa. Ashe allon gaskiya yake faɗa, motar ma gaskiya take faɗa, kowa da irin awonsa. Shi ma bai taɓa rubuta ƙarya ba. Dariya ta so zuwa masa, sai hawaye suka riga ta.

"Ka yafe mini," in ji Sista. "Amma ba zan ɓoye maka ba. Ko da takwas ɗin, kwamiti zai sayar da ita. Wadda za a ba mu sha biyu take yi."

Ya shafa murfin injin, da sauran ɗumi a jikinsa. Ya daɗe da sanin wannan ranar tana tafe.

"A sayar. Ta yi nata. Amma kafin a ɗauke ta, takwas ɗin nan ba a ofis za ki faɗe shi ba."

"To ina?"

Ya buɗe mata ƙofa. "Kasuwa. Wajen masu kifi za mu fara."