Uku Sun Isa

Ni na koya wa Lemuel Tarver dabarar, kuma ba na so kowa ya rage mini laifin.

Daga wani ƙauyen Mississippi ya zo kwalejinmu ta Tallow Creek buga ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, siriri, kunnuwa fato-fato, amma in ya wurga ƙwallo sai ka ji tana kuka a iska. Kwatabak ne, shi ke kiran salon wasan da za a yi, shi ke jifa, shi kuma ƙattin ɗaya ɓangaren ke farauta. Ni, Hosea Biggs, aikina in duƙa a gabansa in miƙa masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafuna, sannan in tare duk wanda ya taso masa. Shekara uku hannuwansa na manne da jikina kafin kowane wasa, har nakan san yana jin tsoro tun shi bai sani ba.

Duk watan Agusta, kafin a fara kakar wasa, Likita Pruitt takan gwada ƙwaƙwalwar kowa. Ta faɗi kalmomi biyar ka maimaita, ka lissafo watanni da baya-baya, ka tsaya da ƙafa ɗaya ido rufe. Ta rubuta ta ajiye. Ranar da aka buge ka a kai sai ta sake gwada ka, in ka kasa yin abin da ka yi a Agusta ka koma benci, wani ya hau gurbinka, ba lallai kuma ka sake ganin gurbin ba.

A bakin ƙofarta na ja shi gefe.

"Kai ɗan ƙauye, kar ka shiga ka nuna mata kai shehin malami ne. In ta ce biyar, ba ta uku."

"Ai zan iya biyar ɗin, Hosea."

"Na sani, sakarai. Yau za ka iya. Ranar da wani ƙato ya zauna maka a kai fa? Ba ta uku, ka ɗan yi tangaɗi. Uku sun isa."

Ya yi dariya ya shiga. Haka ya riƙa yi kowace shekara, ni kuma ina ta alfahari na waye shi.

A shekararsa ta uku, wata Asabar da rana tsaka, manyan ƙungiyoyi suka turo mutanensu su kalle shi. Mahaifiyarsa, Mama Ernestine, tana sahun gaba da hular cocinta. Abokan karawarmu suna da wani mai lamba casa'in da ɗaya, ƙato ne mai wuya kamar turmi, tun daga fara wasa yake leƙo kansa ta kafaɗata.

"Biggs, gaya wa amaryarka ina nan tafe!"

"Zo mana, ɗan banza, in kwashe maka haƙora!"

Ya zo ɗin, amma ba ta wajena ba. Ya zagayo ta hagu inda Lem ba ya gani, ya doke shi da hular kwanonsa a ƙarƙashin haɓa, ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. Ƙeyarsa ce ta fara sauka. Na ji ƙarar duk da ihun mutum dubu talatin. Robar da ke kare masa haƙora ta yi tsalle can gefe, jini ya cika masa haƙora, hannunsa na dama ya sandare a sama yana rawa. Da na ɗaga shi, sai ya nufi wajen abokan gaba, ni na juyo shi da kafaɗa kafin alƙalin wasa ya lura.

Likita Pruitt ta shige da shi tanti. Ina tsaye a bakin labule ina jinta.

"Kofi, tsani, doki, gishiri, taga. Maimaita, Lemuel."

"Kofi." Ya matse goshi yana lalubo na gaba. "Tsani. Doki."

Wannan karon ba wasa yake ba, iyakar abin da ya rage a kansa ke nan, gumi na zuba da ya ciro su. Ta duba takardar Agusta, uku ne. Tangaɗin ma daidai da na Agusta. Ta dube shi ta sake duban takarda, ranta bai so ba, amma ta miƙa masa hularsa. Kalma ɗaya daga bakina da ta hana shi fita. Na kalli mutanen manyan ƙungiyoyi can sama da littattafansu, na ja bakina na tsuke.

Da muka taru muka haɗa kawuna a fili don jin umarninsa, sai ya kira wani salon wasa da ba mu taɓa ji ba, na makarantarsa ta sakandare. 'Yan wasanmu suka kalli juna. Na raɗa masa na gaskiya, ya maimaita. Na duƙa, ya sa hannu, na ji yatsunsa sanyi ƙalau a jikina. Na sani sarai, amma na miƙa masa ƙwallon.

Ya ja da baya taku biyar ya tsaya cak, ƙwallo a hannu, yana kallon sama kamar mai jiran mota. Lamba casa'in da ɗaya ya ture ni ya wuce, wani ya biyo ta ƙasa. Suka haɗa shi a tsakiya, sama da ƙasa, hular ta fice tana gangarawa, kansa tsirara ya daki gwiwar wani na uku. Bai motsa ba. Na hau mai lambar nan da duka har yatsuna biyu suka karye a ƙarfen hularsa, sai da mutum huɗu suka ɓamɓare ni. Ba shi na so in daka ba, kaina ne.

Kwana tara Lem ya yi bai farka ba, an buɗe masa ƙoƙon kai. Bai sake taɓa ƙwallo ba.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Duk Lahadi bayan coci nakan je gidan Mama Ernestine, ta soya kifi, ta kira ni ɗana, domin har yau ban iya gaya mata ba. Lem na zaune a baranda, ya yi ƙiba, ɓarin fuskarsa ya saki. Wani lokaci ya gane ni, wani lokaci ya ɗauka mai kawo wasiƙa ne.

Lahadin da ta wuce ya gane ni. Ya kamo hannuna yana murna.

"Hosea, mutumina, na yi ta bita. Ji nan. Kofi. Tsani." Ya runtse ido. "Doki."

Mama Ernestine ta leƙo daga kicin da cokali a hannu. "Yauwa ɗana, saura biyu."

"A'a Mama, shi ke nan." Ya juyo yana mini murmushi. "Hosea ya ce uku sun isa."