Ja da Kore

Saifuddeen bai bari motar ta kai tasha ba, ya ce wa kwandasta ya sauke shi a bakin gadar Wudil. A tasha ne masu shayi suke kiransa Kyaftin, shi kuwa yau ba shi da bakin amsa wannan suna.

Shekara biyu ya yi yana haɗa sharuɗɗan lasisin tuƙin ƙaramin jirgin sama. Shekarunsa sun kai, takardun makaranta suna nan, Turancin da matuƙa ke yi a rediyo ma ya haddace shi, har awakin gidansu sun gaji da ji. Saura takardar lafiya, wadda ya ɗauka sa hannu ne kawai. Sai ga likita a Kano ya buɗe masa wani ɗan littafi mai ɗige-ɗige kala-kala, ya ce ya karanta lambar da ke ciki. Ya zura ido har da ƙwalla, bai ga lamba ba. Likitan ya ce idonsa ba ya rarrabe ja da kore, alhali da fitilu masu launin nan ake yi wa matuƙi ishara daga ƙasa. Bai sa hannu ba.

Kunya ta hana shi bin titi, ya zaga ta lungu har gida.

Ya tarar da mahaifiyarsa, Mairo, a tsakar gida tana yanka tumatirin gonarsu ta Utai za ta shanya. Ya durƙusa ya yi ta jan gaisuwa, har da tambayar lafiyar mutanen da ya rabu da su ɗazu da safe.

"Faɗi abin da ke bakinka," in ji ta.

Ya faɗa, kansa a ƙasa, yana jiran salati. Wuƙar ce kawai ta tsaya.

"Ja da kore ya ce?"

"E, Inna."

"Ciwo ne ya kama ka?"

"A'a. Wai da shi aka haife ni."

Ta dubi kwandon tumatirin da ke gabanta.

"Kana shekara bakwai ka ciko mini kwando da ɗanyen tumatir, ka rantse nunanne ne. Na zane ka a gaban masu tsinka, na ce maka maƙaryaci. Sau uku ana haka. Daga nan na ce wa babanka ba ka da amfani a gona, a bar ka da boko."

Ya ɗago kai. Ya shigo ne da niyyar ba ta haƙuri, sai ya ga ita ce ta kasa haɗa ido da shi. Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.

"Ashe gaskiya kake gaya mini," ta ce a hankali. "Ka yafe mini."