Saukar Jirgin 'Yargoggo

Jirgin ya ɓata ne a shekarar da aka toshe unguwar Kilomita Biyar saboda rikici, lokacin da Musulmin unguwar ba ya iya tsallaka gada ya shiga cikin birnin Bangi, ko da gawa ce zai kai maƙabarta. Mutum biyar ne suka saba zama a bencin da ke bayan teburin Ɗantala mai gyaran agogo, a bakin kasuwa. Ba ciniki, ba zuwa ko'ina, sai kallon juna. Wata rana suka ga wani fim a talabijin ɗin mai cajin waya. Turawa ne sanye da matsattsun kaya a cikin jirgin da ke yawo tsakanin taurari, hanyar gida ta ɓace musu, kyaftin ɗinsu na ta zuba Faransanci yana ɗaure fuska. Man janareta ya ƙare kafin su ga yadda aka kwashe.

Ɗanbala direba ya ce laifin Turawan ne, da sun tsaya sun tambayi hanya, ai matambayi ba ya ɓata. Ɗantala, wanda bakinsa ya fi hannunsa aiki, ya ce to bari a sauke Turawan, a zuba mutanen bencin nan a ga ƙwazonsu. Nan take ya raba muƙamai. Ɗanbala ya riƙe sitiyari, Abdulsamad mahauci ya zama limamin jirgi, Sulaimanu mai atamfa aka ba shi makullin sito don an san shi da maƙo. Kyaftin kuwa ba a yi gardama ba. 'Yargoggo mai kunu aka ba, tsohuwar da ke ajiye bokitinta a ƙarshen bencin, tunda dama ita ke yi wa kowa faɗa ba tare da an naɗa ta ba.

Daga ranar, kullum bayan la'asar Ɗantala sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Matsalolin jirginsu ba irin na Turawa ba ne. Da farko alƙibla ce ta ɓace, don inda ba rana ba a san gabas ba, liman ya yi ta juyi da buzu har jiri ya kwashe shi. Daga baya suka ratsa ta gefen wata duniya mai watanni rututu, jirgi ya rabu biyu a kan wanne za a duba a ɗauki azumi. Goro ya yi ƙaranci, Kyaftin ta ƙulle na ƙarshe a bakin zane ta ce sai ranar sauka. In Ɗantala ya sa mata maganar da ba ta yi mata ba, 'Yargoggo takan ɗaga ludayi ta ce ita ba ta faɗi haka ba, dole ya koma baya ya gyara. Suna dariya, wani lokaci ana jin harbi can wajen gada, ba mai waiwayawa.

Da hanya ta buɗe, sai bencin ya fara yin faɗi. Sulaimanu ya kwashe iyalinsa ya nufi Njamena. Ɗanbala ya bi manyan motocin Kamaru, aka ce ya yi aure a Garwa-Bulai. Abdulsamad ya kwanta rashin lafiya, kwanciyar da bai tashi ba. Amma Ɗantala bai sauke ko ɗaya daga jirgi ba. Shi ke yin muryoyinsu, har da tarin Abdulsamad kafin ya ta da kabbara, 'Yargoggo kuma na tanka musu kamar suna zaune.

Ba wai Hausa ta ƙare a Kilomita Biyar ba. Akwai samarin Maraɗi da na Kano masu shagunan waya da kayan gini, amma Hausarsu ta ciniki ce, nawa ne, albarka, sai an jima. In Ɗantala ya yi musu karin magana sai su yi dariya su ce Baba, wannan ai tun kakanninmu aka daina ta. Matarsa ta rasu da daɗewa. 'Yarsa Aminatu takan aiko masa da abinci, in ta zo gaishe shi kuma Sango take yi, yaren ƙasar, shi ma ya amsa da Sango, gaisuwar ta ƙare a tsaye. Agogo kansa an daina kawowa, kowa ya koma duba lokaci a waya. Gaskiyar magana, duk faɗin Bangi mutum ɗaya ce ta rage da Ɗantala zai yi wa zance ta gane tun kafin ya rufe baki. Kaɗaici na damunsa ƙwarai, sai dai daga la'asar zuwa magariba yakan manta.

Ana nan sai idon 'Yargoggo ya fara yana. Ta daina gane masu sayen kunu sai sun yi magana. Ɗanta Haris, wanda ke fataucin albasa tsakanin Kamaru da Bangi, ya zo ya ce ya sami likita a Ngaundere, can Kamaru, kuma likitan ya ce in aka daɗe aikin ba zai yi amfani ba. In an gama, za ta zauna wurinsa ta huta da kunu. Kowa ya san tsohuwar da ta yi irin wannan tafiya ba ta dawowa. 'Yargoggo ta ce ba inda za ta, kyaftin ba ya barin jirgi a sama da mutane a ciki. Haris ya ɗauka wasa ne, har ya ga ta kwance ƙullin kayan da matarsa ta ɗaure mata.

Ya sami Ɗantala a teburinsa, ya durƙusa ya gaishe shi da Hausarsa mai ɗingishi, yana cike giɓi da Sango. Ya ce motar da zai bi za ta tashi bayan sallar Juma'a.

"Baba, don girman Allah ka sauke jirgin nan. Kai kaɗai take ji."

Ɗantala ya ce ba komai, ai abu ne mai sauƙi. Amma da la'asar ta yi, yana buɗe baki sai ga injin jirgi ya tsaya cak, Ɗanbala ya shiga ƙarƙashi da sifana yana zage-zage. Washegari kuma wata baƙar guguwa ta kwashe su ta ƙara nisanta su da gida. 'Yargoggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan direba tun yana duniya ba ya duba mai. Haris na tsaye daga nesa kusa da masu acaɓa. Ɗantala ya ƙi kallon wajen, ya duƙufa a kan wani mataccen agogo da ya daɗe da sanin ba zai tashi ba.

Ranar Laraba wani lebura ya tsaya sayen kunu. 'Yargoggo ta ɗebo da ludayi, ta tsiyaya a gefen kofi, kunun mai zafi ya sauka a bayan hannunta. Ba ta yi ƙara ba. Ta goge da zane, ta laluba bakin kofin da yatsa, ta sake zubawa, sannan ta cusa hannun a ƙarƙashin mayafi. Da mayafin ya zame, Ɗantala ya ga ba ƙunar yau kaɗai ba ce a wurin, akwai tsofaffi da suka bushe. Ranar bai iya ɗora labari ba, ya ce kansa ke ciwo.

Alhamis da la'asar ya share bencin, ya zauna ya gyara murya. Ya ce albishir, Ɗanbala ya hango duniya ta gilashin gaba, shuɗiya, tana ta matsowa. 'Yargoggo ta ajiye ludayi.

A Katsina ya yi niyyar sauke su. Daga can kakanninsu suka taso da fataucin kanwa da goro, kuma tun yana yaro in manya suka ce gida, can suke nufi. Shi bai taɓa zuwa ba, ita ma haka. Ya tattaro duk abin da ya ji a bakin tsofaffi, ganuwa da ƙofofinta, doguwar hasumiya, fura mai sanyi a ƙwarya. Yana cikin saukowa da jirgi a hankali a bayan gari, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Ɗantala. Ina ne wannan?"

"Gida mana, Yaya. Katsina."

"Wa na sani a can? In na sauka ƙofar wa zan nufa?" Ta juyo da fararen idanunta wajen muryarsa. "Ka gaya wa direba ya juya. A Miskin za mu sauka."

Miskin unguwa ce da ke nan kusa, mai acaɓa zai kai ka kafin ka gama gaisuwa. A can aka haife ta, a can ta yi aure ta haifi Haris, lokacin da Musulmi da Kirista ke ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Tun da aka ƙone gidanta ta gudo Kilomita Biyar ba ta sake taka wurin ba, ko bayan da abubuwa suka lafa. Ɗantala ya ji kunya. Shekara da shekaru yana yawo da ita a cikin taurari, bai taɓa tambayarta inda take son zuwa ba.

Ya juya jirgi. Miskin kam ya san ta, ba sai ya ari bakin kowa ba. Ya sauke su a filin da yara ke ƙwallo, kusa da babbar bishiyar mangwaro, jar ƙasa ta tashi kaji suka watse. Ya ce gidan na nan yadda yake, da shuɗiyar ƙofarsa ta langa-langa da turmi a kife a tsakar gida. Maƙwabciyarta Mama Selestin ta fito da ganyen rogo a hannu tana cewa bara mo, bara mo, ina kika shiga haka? 'Yargoggo ta amsa gaisuwar da Sango, a hankali, tana murmushi, hawaye na bin kumatunta.

Ta ce a buɗe ƙofa kowa ya sauka. Sulaimanu ya fito yana lissafin buhunan da suka rage. Ɗanbala ya kashe inji ya yi miƙa. Abdulsamad ya naɗe buzunsa, ya yi tarin nan nasa, ya gangara ya bi hanyar masallaci bai waiwayo ba. Daga nan sai Ɗantala ya taƙaita, ya ce Kyaftin ce ta sauka a ƙarshe, kamar yadda ya dace.

'Yan kasuwa sun fara jan ƙofofin shaguna. 'Yargoggo ta laluba ta rufe bokitin kunu, ta ce ya yafe mata duk faɗan da ta yi masa, shi ma ya nemi tata yafiyar, kamar yadda ake yi in tafiya mai nisa ta kama. Ta ce ya kira mata Haris ya zo ya ɗauki bokitin. Har ta dafa bencin za ta miƙe, sai ta dakata.

"Na ji saukar kowa. Kai fa? Ban ji taka ba."

Ɗantala ya ɗauki ƙaramin sukudireba ya mayar cikin gwangwani, ya sake fito da shi.

"Jirgi ba ya zama ba kowa, Yaya," in ji shi. "Ku je. Ni zan tsare shi."