Kantun Inna Nafissa

Tun da Rahamatu ta kama aiki a biro, wato ofishin ƙungiyar manoman shinkafa a Malanville, ita ke buɗe wa Inna Nafissa kasuwa. Ba wanda ya tsara haka. Wata safiya tsohuwar ta ƙetaro kogi daga Gaya da farantinta a ka, cike da alawar madara da kantun riɗi da dakuwa. Ta leƙo biron, Rahamatu ta sayi alawa ta jefa a baki, kafin azahar faranti ya ƙare tas. Shi ke nan Inna Nafissa ta yanke cewa yarinyar nan tana da albarka. Daga ranar, ko wa ya tare ta a bakin ruwa, ɗan kabu-kabu ne ko ma'aikacin duwan, wato kwastan, sai ta ce ya yi haƙuri, ba a buɗe ba tukuna. Sai ta iso teburin Rahamatu ta yaye zanen da ta rufe farantin, ta tsaya ta ga Rahamatu ta yi bisimilla ta gatsa, sannan sauran jama'a su samu. Saye kaɗai ba ya buɗe kasuwa, in ji ta, sai an ci.

Bayan girbin rani Rahamatu ta fara jin ƙishirwar da ruwa ba ya kashewa, zannuwanta suka yi mata yawa. Ta ce za ta gaida wata ƙawa a Kandi, ta je ta ga likita a can inda ba wanda ya san ta. Ciwon sukari ne. Ya rubuta mata magani, ya lissafa abin da za ta bari, alawa ce a kan gaba.

A mota tana komowa, gwaggonta ta Garou ce ta tsaya mata a rai. Matar da ke noma albasa ita kaɗai, amma daga ranar da aka ji ciwon a jikinta sai kowa ya sassauta murya in zai yi mata magana, ana karɓe mata ko tulu, ana ta sannu, sannu, har ta yarda ta zauna. Rahamatu kuwa ita ce mace ta farko a gidansu da ta kai karatu Parakou, kuma sai da ta yi ja-in-ja da Malam Issaka, shugaban biron, kafin ya bari ta riƙa hawa babur zuwa gonakin Garou da Toumboutou. Har yanzu yana neman dalilin mayar da ita bayan tebur ya tura Salifu, abokin aikinta. Ta ce a ranta ba za ta miƙa masa dalilin da hannunta ba.

Litinin da Alhamis ta fake da azumi. Sauran ranaku sai ta saya, ta kai alawar kusa da baki, ta yi kamar waya ta ɗauke mata hankali, in Inna ta juya wurin su Salifu sai ta zura ta cikin aljihun tebur. Da hantsi, lokacin da shayi ke tafasa a bakin ƙofa ƙamshinsa yana cika ɗakin, takan sa hannu a jaka ta ɗebo aya ko soyayyar gyaɗa, wani lokaci goriba, ta tauna a hankali. Kwanakin farko bakinta kamar an yi masa rasuwa. Daga baya ta gano cewa aya ma tana da zaƙinta, sai dai ba ta nuna shi ga mai gaggawa.

Kiyashi ne ya tona ta. Tana gona ranar, Salifu ya buɗe aljihun teburinta yana neman hatimi, ya tarar da alawar makonni a jibge, ta narke, kiyashi ya yi mata baƙi. Kafin la'asar magana ta zaga. Yarinyar da ta yi karatu, tana saye ba ta ci, ai ta san wani abu. Wasu suka ce da ruwan kogi ake dama madarar. Wasu suka rage murya suka ce akwai abin da ake sawa don jan masu saye, in ba haka ba me ya sa faranti ke ƙarewa kullum? Ba wanda ya tambayi Rahamatu. Sai dai ta ga Salifu ya koma biskit na kanti, masu gadi sun daina miƙa hannu, farantin yana fita da nauyinsa kamar yadda ya shigo. Ta gane, ta ci gaba da ɓoye ciwonta, abin yana cin ta.

Wata ranar Laraba Inna Nafissa ta shigo ba ta yaye zane ba. Ta sauke farantin a ƙasa, ta zauna kusa da shi a kan siminti, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ɗiyata," ta ce, "mi kinka gani cikin kayana? Hwaɗa mini gaban mutane, tunda gaban mutane anka ɓata ni. Tun ba a haihe ki ba nike wagga sana'a."

Salifu ya duƙar da kai cikin takardu. Malam Issaka yana tsaye a ƙofar ɗakinsa da kofin shayi. Rahamatu ta dubi hannuwan tsohuwar, duk tabon ƙunar sukari. Tana iya cewa haƙori ke damunta, a wuce wurin, amma ta san gobe za a ce ta rufa wa tsohuwa asiri ne. Ta miƙe tsaye.

"Inna, ba abin da kayanki sunka yi. Ciwon sukari gare ni. Likita ya hana ni."

Malam Issaka ya ajiye kofin, murya ta yi laushi, ya fara da sannu. Ta ce masa cikin ladabi ya riƙe sannunsa, tana shan maganinta, kuma gobe ita ce da Toumboutou kamar yadda aka tsara.

Inna Nafissa ba ta yi mata sannu ba, faɗa ta yi mata. Ta ce wannan wane irin girman kai ne, mutum ya bari a ci naman uwarsa don kada a ji yana ciwo, kamar shi ya fara. Ta juya kan Salifu ta ce shi kuma bakinsa ya fi kasuwar Malanville faɗi. Da ta gaji ta ɗora farantin a ka, ta ce ita dai ba ta sake mai buɗe mata kasuwa da tsufanta, sai a san yadda za a yi.

Washegari ta zo da wani ƙulli a gefen faranti: riɗi soyayye, ba sukari ko kaɗan. Ashe sukarin ne ke kama kantu. Wannan ya ƙi haɗuwa, sai da Rahamatu ta zuba a tafi ta afa, Salifu yana cewa ga abincin kaji ya iso. Ta ci, kasuwa ta buɗe, ta ɗauki makullin babur daga ƙusa ba ta jira an miƙo mata ba. Malam Issaka ya bi ta da ido har ta fita.

Sai da Inna ta ɓata riɗi da yawa kafin ta samo kansa. Ta daka shi da tunkuza da ɗan dabino, ya kama, ta yanka ƙanana. Rahamatu ta tambayi likita, ya ce guda ɗaya ba laifi, kada ta mai da shi tuwo. Ba kowa ya komo ba. Masu gadi biyu har yau suna kauda kai in faranti ya wuce, Inna kuwa ta ce Allah ya ƙara musu biskit. Malam Issaka ma bai daina gwada tura Salifu gona ba duk ranar da rana ta yi zafi, Rahamatu ba ta daina riga shi zuwa ƙusa ba.

Wata safiya tana ɗaure jaka a bayan babur, Inna Nafissa ta iso tana haki, jirgin fito ya makara. Ta yaye zane a nan bakin ƙofa. Rahamatu ta ɗauki nata ta gatsa. Malam Issaka, da ya fito sayen alawarsa ta kullum, ya tsaya yana kallon farantin, hannunsa ya wuce alawar ya sauka a gefen kantun nan marar sukari. Ya ce ɗanɗanawa kawai zai yi. Inna ta ƙulla masa biyu ba ta tambaye shi komai ba, Rahamatu kuma ta tada babur ta kama hanyar Garou.