Hudar Baya

Malam Umara baduku yana cikin yanka ƙirgi ya ga inuwa uku sun tsaya a bakin rumfarsa: Ochai, 'yarsa Mnena, da wani ɗan kwikwiyo baƙi da ke jan igiya kamar ya san inda za shi.

"Baba Umara, ina kwana? Maɗaurin wuya za ka yi mana," in ji Mnena. "Mai ƙarfi, wanda zai kai shi har girmansa."

"Wannan ne kwikwiyon? Ni na zaci ɗan maraƙi kuka sayo a kara."

Ochai ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya zo Potiskum da ƙuruciyarsa, ya yi ritaya bai koma Binuwai ba, don a nan aka binne matarsa. Yanzu shi kaɗai ne a gidansa na unguwar Dogo Nini. Mnena tana aiki a Jos. Ita ta kawo karen don ya yi wa uban gadi, kuma yau da azahar za ta hau mota ta koma da kwanciyar hankali.

Malam Umara ba ya taɓa kare, bai kuma ɓoye wannan ba. Ya miƙa mata zare ta zagaya wuyan da kanta.

"Wata nawa gare shi?"

"Huɗu. Mun ɗora shi a sikelin mai wake, kilo ashirin. Wanda ya sayar mini ya ce irin waɗannan manyan, a wata huɗu sun kai kusan rabin nauyinsu. Sai a ninka, a ɗan ƙara."

"Ƙara da yawa," in ji Malam Umara. "Dubi ƙafafun, kamar ya ari takalmin ubansa. Dubi fatar wuya yadda ta yi masa yawa. Ba a ba dabba fatar da ba za ta cika ba. Yaushe zai daina girma?"

"Sai ya shekara ɗaya da rabi. Wataƙila biyu."

"To, ai zai kusa kamo ki."

"Ni ya kamo tukuna," in ji Ochai. "Ni ne maigidan."

Malam Umara bai yi dariya ba. A bayansa, a jikin ƙusa, akwai bel ɗin Ochai a rataye. Jiya da yamma Ochai ya kawo shi a ɓoye cikin leda, a ƙara masa huda. Ba wannan ne karo na farko ba tun daminar bara, kuma kowace huda ciki take matsowa. Ya ce abinci ne ba ya zama, kuma ba zai je asibiti a tayar wa yarinya da hankali ba, ga ta da ƙananan yara. Ya sa Malam Umara ya yi alkawarin ba zai faɗa mata komai ba. Shi kuwa ya yi, don kunyar tsohon zama. Mutane suna kiran irin wannan rufin asiri. Sau da yawa tsoro ne kawai, ana taya juna.

Yau Ochai ya zo cikin kaftani mai faɗi, da wando mai zariya. Mnena ta ga rigar, ba ta ga mutumin da ke ciki ba.

Malam Umara ya yanki fata mai kauri, ya shimfiɗa a kan katako, ya fara huda. Ta farko daidai wuyan yau. Ya matsa gaba ya sake, ya sake, har ya kusa ƙarshen fatar.

"Har can, Baba?"

"Har can. Kafin baɗi war haka yana wannan ta ƙarshen. Wa zai riƙe igiyar a lokacin?"

"Babana mana. Safe da yamma zai riƙa fita da shi, shi ma ya motsa jiki."

A daidai nan wata akuya ta gifta. Kwikwiyon ya zabura. Ba wani ja mai ƙarfi ya yi ba, wasa ne na ɗan wata huɗu, amma Ochai ya tafi taga-taga, sai da ya kama ginshiƙin rumfa da hannu biyu. Igiyar ta suɓuce. Mnena ta bi karen da gudu tana dariya, ta kamo shi wajen mai gyaran keke.

Kafin ta dawo, Ochai ya dubi Malam Umara yana haki.

"Ka yi alkawari."

"Na yi. Kilo ashirin ke nan, Ochai. Idan ya zama hamsin fa?"

"Lokacin ba matsalata ba ce."

Ya faɗa a hankali, ba da wasa ba. Malam Umara ya gane mutumin ya riga ya yi nasa lissafin, ya ninka na karen, ya rage nasa.

Mnena ta dawo ta ɗaure karen a ginshiƙi. Malam Umara ya gama ɗinka ƙarfen maɗaurin, ya ajiye shi a kan katako. Sannan ya miƙa hannu baya, ya sauko da bel ɗin, ya shimfiɗa shi kusa da maɗaurin.

"'Yata, riƙe mini wannan bakin. Akwai aikin da ban gama ba, kuma idona ba kamar da ba."

Ta riƙe. Ta san bel ɗin, ita ta saya masa shekarar da ta fara aiki. Ga tsohuwar hudar da ya daɗe yana sawa, ta buɗe ta yi baƙi. Ga sababbi a bayanta, a jere, bakinsu fari. Malam Umara ya ɗora ƙarfen huda a bayan ta ƙarshe, ya buga sau ɗaya.

Mnena ba ta saki bel ɗin ba. Ta dubi hudojin maɗaurin kare da suka nufi waje, ta dubi na ubanta da suka nufi ciki. Sannan ta ɗaga kai ta dubi wuyan Ochai, inda kaftanin ya yi masa yawa.

"Tun yaushe, Baba?"

Ochai ya juya yana kallon titi.

Ta ciro waya ta kira direban tasha, ta ce ya ba wani kujerarta. Ta tare Keke Napep, ta ce asibiti. Ta kama hannun uban, bai ƙi ba.

Da zai hau, ya waiwayo. "Umara, ka ci amana."

"Ban ce komai ba."

"Karen fa?" in ji mai Keke. "Ba na ɗaukar kare."

Mnena ta dubi Malam Umara. Ya ɗaga mata hannu, su tafi.

Kwikwiyon ya bi ƙarar Keken da ido, sannan ya zagaya ya kwanta a bakin rumfa, kusa da tabarmar salla. Malam Umara ya janye tabarmar ya naɗe. Ya nemo wani tsohon kwano, ya zuba ruwa daga butarsa, ya tura masa da sanda.