Kunnen 'Yar Mai Niƙa

A gidan Mai Niƙa ba a san magana a hankali ba. Shekara goma sha tara ya yi a tsaye kan injin niƙa, a shagon da bango ɗaya ya raba da tsakar gidansa, har kunnuwansa suka yi nauyi, muryarsa ta buɗe. Matarsa ta koyi ɗaga murya don ya ji ta, yara kuma suka taso suka tarar da abin haka. In ka wuce ta ƙofar gidan sai ka rantse dambe ake yi, alhali ashana kawai ake nema. Maƙwabta har tsokana suke yi, wai a gidan Mai Niƙa ba a gulma, don ko an yi sai duk unguwa ta ji.

Autarsa tana aji uku na firamare. Tsinke ake ce mata saboda rashin jiki, kuma duk cikin 'ya'yansa ita ce ta fi shiga ransa. In an tashi daga makaranta shagon take fara biyawa, ta tsaya kusa da shi da jakarta a baya har gari ya yi mata fari fat a gira.

Mura ce ta zagaya ajinsu, Tsinke ta kwaso nata rabon. Bayan kwana huɗu sai kunne. Ta riƙe shi da hannu biyu tana kuka, jiki zafi rau. Uwar ta ce a kai ta asibiti.

"Asibitin me?" in ji Mai Niƙa. "Ƙarar inji ce. Ni za a gaya wa ciwon kunne?"

Ya ciro auduga daga ƙunshin da yake toshe nasa kunnuwan, ya murza, ya cusa mata. Wallahi da ƙauna ya yi. Abin da ya sani ke nan, shi kuma ya ba ta.

Bayan kwana biyu ruwa ya fara fita daga kunnen, rawaya, mai wari, ciwon kuma ya ɗauke ɗif. Gida ya yi murna. "Ban faɗa ba? Ya fashe, ta huta." Daga nan abin ya zama jiki. Da ta yi mura sai kunne ya yi ruwa, yau na hagu gobe na dama, a sa sabuwar auduga, ta ɗauki jaka ta tafi makaranta. Haka aka ci wata bakwai.

Malamar ajinsu ce ta tako har shagon wata ranar Laraba. Ta daɗe a bakin ƙofa tana ɗaga hannu kafin ya gan ta ya kashe inji.

"Baban Tsinke, maganata ba ta isa kunnen 'yarka. Na dawo da ita bencin gaba, sai na lura bakina take kallo. Da na juya ga allo, shi ke nan, an bar ta a baya."

Ransa ya ɓaci. "Haba Malama! Yarinyar da kira ɗaya take amsawa a gida?"

"Da wace murya kuke kiran ta?"

Sai ya waiga waje. Ko wannan maganar da yake yi, masu jiran niƙa a bakin titi suna jin ta sarai.

Washegari bai buɗe shago ba. A asibiti likita ya zare audugar, ya haska fitila cikin kunnen, ya daɗe yana dubawa.

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai, Likita."

Likitan bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da abin ya fi sauƙi. Ya matso kusa ya yi masa bayani dalla-dalla. Murar ce ta hau kunne. Ranar da ciwo ya ɗauke, dodon kunnen ne ya huje, audugar kuma ta yi ta riƙe ƙazanta a ciki.

"Da a makon farko kuka zo, maganin 'yan kwanaki ne. Na hagu kam ya tafi. Na dama da saura, shi za mu yi ƙoƙari a kai. Kada ruwa ya shiga, kada a tsallake magani, kuma a raba ta da inji."

Mai Niƙa ya fito riƙe da hannunta. Baƙin ciki ya cika shi, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa. Da hannunsa ya yi.

Ya bi maganar likita tamkar karatu. Shi yake ɗiga mata magani safe da yamma, bayan ya wanke hannu har gwiwar hannu. Ya hana ta shagon, ta yi kuka, ya toshe zuciyarsa. Kowace safiya sai ya durƙusa a gabanta.

"Uwata, kina ji na?"

"Ina ji, Baba."

Sai ya ji sanyi a ransa. Bawan Allah! Fuska da fuska yake tambaya, da muryar nan tasa da ba shi da wata.

A mako na shida da fara magani uwar ta fita kasuwa. Inji yana ta ruri, kwanon rufi yana rawa, mata biyu da ke jiran garinsu sun ja baya sun toshe kunnuwa da yatsu. Sai ga Tsinke a bakin ƙofa. Ya yi mata alama da hannu ta koma. Maimakon haka ta shigo da gudu, fuska cike da fara'a, ta ja rigarsa har ya sunkuya, ta kafa baki a kunnensa.

"Baba, ashe ka gyara shi! Yanzu ko kaɗan ba ya ƙara. To ka bar ni in dawo mana."

Ya dube ta. Ya miƙa hannu ya kashe injin, shagon ya yi tsit, matan nan biyu suka sauke hannuwansu. Ita kuwa ba ta ma san an kashe ba. Tana nan tana kallon bakinsa, tana jiran ya ce to.